Kun karɓi kuɗina ina Jidda, da na dawo da ciki kun ce gida ya bar ni

Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban kamfanin inshorar lafiyar da nake riƙe da katinsa

Kano, Alhamis 20 ga Fabrairu, 2025

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Jiya Laraba na kira layinku sau bakwai tsakanin ƙarfe tara na safe da azahar. Sau huɗu wayar ta yi ta ƙara har ta katse, sau biyu aka ɗauka aka bar ni da kiɗa a kunne, a na bakwai kuwa ina gama faɗin lambar katina na ji ƙit, an kashe. Shi ya sa yau na zauna nake rubuta maka a bainar jama'a. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, kun san kanku, lambar katina kuma tana cikin imel biyar da na aiko ba a amsa ko ɗaya ba. Cikina mako 36 ne. Likita ya sa ranar Talata 11 ga Maris za a yi mini tiyata, saura kwana 19, har yanzu kuma kun hana asibiti lambar izinin da suke kira kod.

Shekara 12 muka yi a Jidda. Maigidana akawu ne a wani kamfanin jigilar kaya, da igamarsa, wato takardar izinin zama, ni da yara muna ƙarƙashinsa. A can doka ce ta ɗora wa kamfani yi wa ma'aikaci da iyalinsa inshora, don haka yarana biyu duk a asibiti na haife su, duk ta tiyata, ba mu taɓa tsayawa cacar baki da kowa a kan kuɗi ba. Abin da ya taso mu shi ne harajin da Saudiyya ta ɗora a kan iyalan baƙi tun Yulin 2017. Da riyal 100 a wata aka fara kan kowane mutum, zuwa 2020 ya kai 400. Mu uku, riyal 1,200 ke nan duk wata kafin a sayi ko mudun shinkafa. Muka jure iya jurewa, daga baya muka ce gara mu koma gida.

Na san jikina. Macen da aka yi wa aiki sau biyu ba ta wasa da na uku, ga shi kuma jinina irin wanda ake kira negatif ne. Saboda haka tun ba mu fara ɗaure kaya ba na nemi inshorar da za ta tarye ni a Kano. Tallarku na gani a wani zauren WhatsApp na matan Najeriya mazauna Saudiyya, na bi lambar da ke jiki. Ban ɓoye wa wakilinku komai ba. Da lambar Saudiyya nake masa magana, na gaya masa ina Jidda, na gaya masa sai bayan babbar sallah za mu dawo, na kuma tambaye shi ƙarara daga yaushe watannin jiran haihuwa za su fara ƙirguwa. Amsarsa tana nan a wayata, saƙon murya na daƙiƙa 41: "Hajiya babu wata matsala, ki biya kawai. Wata goman yana farawa ne daga ranar da ke jikin takardarki, ko kina ina." Ranar Litinin 15 ga Janairu, 2024 ƙanin maigidana ya tura muku naira 486,000. Takardar da kuka aiko ta ce yarjejeniya ta fara aiki 1 ga Fabrairu, 2024. Kowa ya ƙirga wata goma da yatsunsa zai tsaya a 1 ga Disamba.

Ban taɓa jayayya da sharaɗin jira ba. Na fahimci dalilinsa, kada mace ta sayi kati a ƙofar ɗakin haihuwa. Amma ni lokacin da na biya ba ni da ciki. A watan Yuni cikin ya shiga, wata biyar bayan kuɗina ya kwanta a asusunku.

Mun sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ranar 22 ga Agusta. Ranar 9 ga Satumba na je ofishinku karɓar kati, aka ɗauke ni hoto, na dangwala yatsa, aka ce mini sannu da hanya. Babu wanda ya ce uffan game da wani sabon lissafi. Daga nan har ƙarshen Nuwamba ni na riƙa biyan kuɗin awo, da hoton ciki, da gwaje-gwaje, da maganin ƙara jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ban ma riƙe lissafinsu ba, don na san lokacina bai yi ba.

Ranar Talata 3 ga Disamba na miƙa katina a asibiti da ƙwarin gwiwa. Na zauna a benci tun ƙarfe takwas har bayan ɗaya, sannan yarinyar da ke teburin inshora ta kira ni gefe, cikin jin nauyi, ta ce an hana kod, wai ban cancanta ba tukuna. Na ɗauka kuskure ne. Daga nan aka shiga yi mini yawo da hankali. Wannan ya ce in kawo lambar NIN, na kai. Wancan ya ce sai takardar wutar lantarki mai sunanmu, alhali a gidan gado muke zaune, takardar da sunan marigayi surukina take fitowa, sai da mai unguwa ya rubuta mana shaida. Wata kuma, a cikin Disambar ne ko farkon Janairu, ta ce in turo hoton shafin fasfo mai hatimin shigowa. Na tura da zuciya ɗaya. Ashe igiyar da za a ɗaure ni da ita na miƙa da hannuna.

Ciki kuwa bai tsaya jiran ku ba. Ƙarshen Disamba na cika mako 28, lokacin da ake yi wa mai jini irin nawa allurar anti-D don kada jikinta ya yaƙi jinin jaririn. Allura ce mai lokaci, ba a ɗaga ta sai kamfani ya gama shawara. Naira 85,000 muka biya daga aljihu.

Sai ga saƙonku a tsakiyar Janairu, cewa in sabunta kafin 31 ga wata, in ba haka ba "watannin jiran da kika riga kika cika za su rushe." Ranka ya daɗe, ka sake karanta wannan jimlar. Kamfaninka ne ya rubuta cewa na riga na cika. Na sayar da awarwarona biyu na gwal, waɗanda na yi shekaru ina tarin kuɗinsu, ranar 27 ga Janairu na biya naira 612,000. Jimillar abin da kuka karɓa a hannuna naira 1,098,000, ni kuwa ko farasitamol ban taɓa karɓa da katinku ba.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Litinin 17 ga Fabrairu. Na iso ofishinku ƙarfe 9:40, ni da ƙanwata. Ƙarfe 11:20 aka shigar da mu wurin jami'in da ke kula da biyan asibitoci. Bai ce mu zauna ba, ƙanwata ce ta jawo mini kujera. Ya duba kwamfuta ya ce lissafinsu daga 9 ga Satumba yake farawa, ranar da na dangwala yatsa, domin kafin nan ba mazauniyar Najeriya ba ce ni, saboda haka haihuwa sai Yulin 2025 za ta shiga cikin haƙƙina. Na ce Malam, a watan Maris zan haihu. Ya ce wannan ba daga gare su ba ne. Na ajiye masa takardar 1 ga Fabrairu a kan tebur, bai taɓa ta ba. Na kunna masa muryar wakilinku, ya ce wannan yaron ya bar aiki. Na nuna masa saƙon Janairu, ya ce na'ura ce take turawa kowa. Na ce to in ban zama mazauniya ba daga Fabrairu zuwa Satumba, kuɗin wata bakwai da kuka ci na mene ne? Nan ya jingina da kujera ya ce: "Hajiya, mun saba da 'yan Kano-Jidda. Ku ɗauko ciki a can ku zo ku sauke mana. Da kin yi zamanki kin haihu a inda kike. Kowa ya bar gida ai gida ya bar shi."

A gaban ƙanwata ya faɗa, da wasu ma'aikata biyu, babu wanda ya ɗaga kai. Shekara 12 ana kiran mu takari a ƙasar mutane, muna haɗiyewa muna cewa wata rana za mu koma inda ba wanda zai tambaye mu takarda. A Fagge aka yanke cibiyata. Koren fasfo nake riƙe da shi tun ranar da na fita har ranar da na dawo. Kuma ko da a ce ina cikin matan da yake wa gori da wannan suna, su ma 'yan ƙasa ne, su ma jini suke zubarwa a wurin haihuwa.

Da ya ga hawaye ya zubo mini sai ya ba ni shawara biyu, kuma su suka fi zagin ƙona mini rai. Ta farko, wai in je in nemi tiyatar kyauta ta gwamnati. Na san da ita, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da ita a Nuwamban 2024, amma domin mata marasa galihu aka yi ta. Ni da na biya sama da miliyan, in je in tare gadon matar da ba ta da ko kuɗin mota, don kamfaninku ya riƙe abin da ya karɓa? Ta biyu, wai in naƙuda ta tashi ai dole kowane asibiti ya karɓe ni. Gaskiya ne dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da mai neman agajin gaggawa. Sai dai ma'anar maganarsa ita ce in zauna a gida da ɗinki biyu a mahaifa har naƙuda ta kama ni, alhali dalilin da ya sa likita ya sa rana tun kafin lokacin shi ne gudun kada mahaifar ta fashe. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 sun rasu a dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020 kaɗai, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, jami'in kamfanin lafiya ne yake gaya wa mai ciki ta jira sai abu ya ɓaci.

Takardar yarjejeniyarmu shafi 14 ce. Na karanta, maigidana ya karanta, wani lauya abokinsa ya karanta. Babu layi ɗaya da ya ce jira yana farawa daga ranar dangwala yatsa, babu inda aka ce wanda ya biya daga waje lissafinsa daban ne. In akwai wannan ƙa'ida a wani kundi na cikin ofishinku, ban gan ta ba, ban sa mata hannu ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ce a bayyana wa mutum sharuɗɗa da harshen da zai gane, ta kuma hana sharaɗin zalunci. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta wa mazauna ƙasar nan yin inshora. Mun bi doka tun kafin ƙafarmu ta taka ƙasa, sakamakonmu ke nan.

Abin da nake nema da farko shi ne ku aika wa asibitina kod na tiyata, da jini, da allurar anti-D ta bayan haihuwa, kafin ranar Juma'a 28 ga Fabrairu. Ku mayar mini da naira 85,000 da duk kuɗin awon da na biya daga 1 ga Disamba, rasit ɗinsu suna hannuna. Jami'in nan kuma ya ba ni haƙuri a rubuce.

Amma ba zan tsaya a kaina ba, domin na daina yarda cewa kuskure ne. Da na ba da labarin nan a zauren da na fara ganin tallarku, mata biyu suka biyo ni ta gefe. Ɗaya ta dawo daga Madina, ɗaya daga Riyad, duk sun biya tun suna can, duk an nemi shafin fasfo, duk an mayar musu da lissafi ranar karɓar kati. Ɗayarsu ta riga ta haihu, da bashi. Ni abin da na gani shi ne kuna bin 'yan Najeriya har inda suke zaune da talla, kuna karɓar kuɗin watannin da kuka san ba za su taka asibiti ba, ranar da biya ya zo kanku kuma sai ku tuna ba sa ƙasa. Jami'inku da bakinsa ya ce kun saba da mu. To ku buɗe fayil ɗin duk macen da ta sayi katinku daga waje aka hana ta haƙƙin haihuwa, ku faɗi su nawa ne, ku biya su. In kuwa kun tsaya a kan cewa wanda ba ya ƙasa ba ya cikin lissafi, ku rubuta haka da manyan baƙaƙe a jikin tallar, ku daina karɓar kuɗinsa.

Na aika kwafin wannan wasiƙa, tare da takardar yarjejeniya da saƙon muryar da saƙon Janairu, zuwa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta ba ku izinin aiki, da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Asibiti sun ce in babu kod zuwa 4 ga Maris, sai mu ajiye naira 750,000 kafin alƙalami, ga azumi a bakin ƙofa, maigidana kuma bai samu aiki ba tun da muka dawo. Lambar wayata tana jikin fayil ɗina, a kunne take dare da rana.

Wassalam.

Taku,
Mai riƙe da katin iyali tun 1 ga Fabrairu, 2024
Kano