A kawo fim ɗin Adamu Halilu Zariya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in tuna wa jama'a marigayi Adamu Halilu, daraktan da matasanmu masu kallon Kannywood da wuya ka ji sunansa a bakinsu.

An haife shi a Garkida a 1936. Ya goge ne a sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa, inda ya shirya ɗimbin fina-finan wayar da kai, irin waɗanda motar majigi ke yawo da su gari-gari. A 1976 ya fito da Shaihu Umar, dogon fim da Hausa zalla, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya.

Ga inda abin ya shafe mu. Littafin nan a Zariya aka haife shi, domin gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ce ta samar da shi. Fim ɗin kuwa ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa, sai da aka gano faifansa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wato Bajamushe ya riga yawancin Zagezagi kallonsa, abin da ban kunya.

Ina kira ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ya nemo kwafi, a haska shi a Samaru da Kongo, har da cikin Birni don dattawanmu.

Naka,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya