Busta ba ta ƙirƙiro sigina: jan hankali ga masu eriyar talabijin

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwanmu na Garwa, Marwa da ƙauyukan da ke kewaye, masu kama CRTV, tashar talabijin ta gwamnatin Kamaru, da eriya. Da zarar hoto ya fara yayyafi, sai mutum ya garzaya kasuwa ya sayo busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ya maƙala a bayan talabijin, ya ga babu abin da ya sauya. Dalili kuwa busta ba ta ƙirƙiro sigina. Abin da eriya ta miƙo mata shi take kumburawa, mai kyau da marar kyau gaba ɗaya.

Gyara daga sama yake farawa. Eriyar cikin ɗaki ba ta da wani tasiri a ƙarƙashin rufin kwano, domin kwano na tare sigina yana mayar da ita. A fitar da eriya waje, a ɗaura ta kan bututun ƙarfe, ta haura rufi da aƙalla mita ɗaya da rabi, bakinta na fuskantar inda turken tashar yake. Mutum ɗaya na juyawa a hankali, wani na kallon hoto. Mai dikoda ta DVB-T2, wato akwatin kama tashoshin dijital da eriya, ya duba ma'aunin inganci, kada ma'aunin ƙarfi ya ruɗe shi, don yakan cika alhali hoto na daskarewa. A wurare irin Mokolo, inda duwatsun Mandara ke shiga tsakani, matsar da sandar mita biyu gefe kan fi ƙara mata tsawo amfani.

Girman eriya ma da ƙa'idarsa. Tashar da ke zangon VHF, wato megahaz 174 zuwa 230, tana son eriya mai dogayen haƙarƙari, wajen santimita 70. Ta UHF, daga 470 zuwa sama, gajeru take so, tsakanin santimita 20 da 30. Wanda ya ɗaura wannan a madadin waccan, ko busta goma ya jera aikin banza ne.

Sai waya, inda mafi yawan asarar take. A nemi wayar eriya samfurin RG6 mai om 75, wadda saƙar da ke lulluɓe da ita ta yi kauri. Ta araha in ka fere ta, 'yan silalla ne jefi-jefi. Ko mai kyau ce, a zangon UHF kowace mita 15 zuwa 20 na cinye kusan rabin sigina, saboda haka kada a bar rara a nannaɗe a bayan kabad. Raba waya ga talabijin biyu shi ma rabi yake ɗauka, har da ɗoriya. Haɗi da murɗawa a rufe da leda kuwa haramun ne a wannan sana'a. A sa kan haɗi na ƙarfe da ake kira F, a lura kada sili ɗaya na saƙar ya taɓa wayar tsakiya, a naɗe da tef, sannan a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango don ruwan damina ya ɗige a waje. Ruwa in ya shiga, saƙar takan yi baƙi, kuma ba ta gyaruwa sai canji.

Bayan duk wannan ne ake maganar busta, kuma mazauninta saman sanda, dab da eriya, kafin waya ta ci rabonta. Wutarta ta cikin wayar take hawa, volt 12 daga ƙaramin akwatinta ko volt 5 daga dikoda, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta. Mai ƙarin desibel 15 zuwa 20 ta wadatar da gida ɗaya, a zaɓi mai lambar hayaniya, wato yayyafin da ita kanta bustar ke ƙarawa, ƙasa da desibel 3. Wanda ke kusa da tasha, kamar mutanen Kuseri da tashar Njamena ke tsallaken kogi daga gare su, busta na iya ɓata masa hoto saboda sigina ta yi mata yawa. Haka in turken wayar salula na kusa, sai an sa matatar LTE, mai tare siginar salula, tsakanin eriya da busta.

Kada a manta da tsawa. A haɗa sandar da waya mai kauri zuwa rodin tagulla da aka kafa a ƙasa mai danshi, kuma a kafa sandar nesa da wayoyin lantarki, ta yadda ko iskar farkon damina ta kayar da ita ba za ta faɗa kansu ba.

Wassalam,
Wasu masu gyaran talabijin,
Garwa, Kamaru.