Kitsen jini da ƙashin iyayenmu mata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya sami mahaifiyata, domin na san gidaje da yawa suna kan hanyar da muka bi.

Shekara uku ke nan likita ya auna jinin Hajiya, ya ce kolestarol ɗinta, wato kitsen jini, ya hau, ta rage maiƙo. Mu 'ya'yanta muka ɗauki maganar da zafi. Muka raba ta da man shanu da kitse da kayan ciki, wannan kam daidai ne. Amma har nonon da take dama fura da shi kullum muka janye. Bara da damina santsi ya kwashe ta a tsakar gida, faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba a idonmu, sai ga ƙashin ƙugu ya karye. Wata huɗu tana kwance.

A gefen gadonta wata likita ta warware mini zancen. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin yana raguwa a jikinta. Shi ke taimaka wa hanta ta kwashe mugun kolestarol daga jini, shi ne kuma ke taka wa ƙwayoyin da ke cinye ƙashi burki. Da ya ja baya, kitsen jini ya hau, ƙashi kuma ya fara zaizayewa ta ciki ba tare da ciwo ba. Na farkon mun gan shi a takardar gwaji. Na biyun sai da ta faɗi.

Ta ƙara da cewa bitamin D, wanda hanji ke buƙata kafin ya tsotsi kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, fata ce ke haɗa shi daga wani dangin kolestarol idan rana ta taɓa ta. Hajiya kuwa tun da ciwon gwiwa ya kama ta, daga ɗaki sai ɗaki.

Na tambaya ko maganin rage kitsen da take sha, sitatin, yana kare ƙashi. A 1999 an ga yana ƙara wa ɓeraye ƙashi, amma manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su nuna ya rage karaya ba. Aikinsa na zuciya ne, kuma ba ta daina shi ba.

Roƙona, Edita, shafinku na lafiya ya riƙa haɗa waɗannan biyun idan ana maganar dattijai mata, ko da ranar 20 ga Oktoba ce da duniya ta ware wa zaizayar ƙashi. A gaya wa mutane akwai na'urar awon ƙarfin ƙashi mai suna DEXA, su tambayi likita. A gaya musu tsala, nonon da aka kaɗe mansa, kalsiyam ɗinsa yana nan. Da mun san haka, da ba mu taɓa ƙwaryar Hajiya ba. Yanzu mun mayar mata da ita, ga kwaɗon zogale da riɗi, kuma kowace hantsi muna fito da ita tsakar gida da sandarta.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Zariya