Zuwa Ga Ɗana, Kan Albashi Da Nisan Wata

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Kaduna? Mahaifiyarka ta ce tun wajen 18 ga wata kake fara cewa wata ya yi nisa. Na san albashinka ya ɗara naira 70,000 ɗin da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙaranci, kuma kai ba almubazzari ba ne. Abin da ke damunka shi ne kuɗi rana ɗaya suke shigowa, amma kowace buƙata da ranar da take ƙwanƙwasa ƙofa.

Kada ka yi lissafi da abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki. Akwai haraji, akwai kashi 8 cikin ɗari na fansho. Naka shi ne abin da alat ya nuna. Kada kuma ka ɗaukar wa kowa alkawari da ranar 25, don albashi yakan makara. In za ka sa wa mutum rana, ce masa 5 ga sabon wata. In ka biya kafin nan, mutuncinka ya ƙaru.

Ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka zauna majalisa, loda wa mita wutar wata guda, cika tukunyar gas, sayi data, ka ware kuɗin mota, wanda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya daina zama ƙaramin abu. Wato ka jawo duk abin da zai jawu zuwa makon farko. Ragowar raba shi biyar, ba huɗu ba, saboda tsakanin albashi da albashi yakan zarce mako huɗu. Ka riƙa cire na mako sau ɗaya, domin mai POS yana da ladansa a duk cirewa.

Inda ma'aikata suka fi faɗuwa kuwa shi ne abin da ke zuwa shekara-shekara. Haya ba ta zuwa ba-zata, ka san ranarta tun ranar da ka karɓi makulli. Raba ta gida 12, kowane wata ka tura kaso ɗaya wani asusu da ba ka yawo da katinsa. In adashi za ka shiga, roƙi uwar adashi kwasarka ta faɗo wata guda kafin hayar, ba bayanta ba, kuma zubin ya kasance kwana kaɗan bayan albashi. Azumi da Sallah kowace shekara suna matsowa da kusan kwana 11, saboda haka kada ka auna su da watan bara. Sai Disamba: wasu wuraren sukan biya da wuri, mutum ya ji daɗi, ya manta kuɗin nan su ne za su kai shi ƙarshen Janairu. Da kaka kuma, in ka samu sarari, turo kuɗi in sa a auno maka gero da wake a Dawanau kafin su tashi.

Littafin mai kanti ina jiye maka shi. Duk abin da aka rubuta a ciki, albashin da bai zo ba ka ci. Manhajojin bashi na waya sun fi shi muni: ga riba, ga kiran mutanen da ke cikin wayarka in ka makara. In ta kama dole, ni za ka fara kira.

Abin da kake aiko mana ma ka tsayar masa da adadi da rana. Kaɗan da muka san ranar zuwansa ya fi mana amfani. Ƙannenka na yi musu magana, su daina kiranka tsakiyar wata.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ta ba direba ƙullin kuka da daddawa, ka je tasha ranar Asabar. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka