Daga ina ka fito, ɗana?

Wusasa, daren Lahadi

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya. Gwiwar mamanka ta yi sauƙi, har taron Zumuntar Mata ta je ranar Alhamis ba tare da sanda ba. Masara ta yi kyau bana, sai dai gonar bakin rafi, ka san halinta. Auta na gaishe ka.

Kuɗin da ka turo ranar Talata sun shigo. Suna nan yadda ka turo su, ko naira ɗaya ban cire ba, na kuma hana mamanka zancensu. Ba zan taɓa su ba sai mun zauna ni da kai, ka gaya mini inda suka fito.

Gwaggonka ta dawo daga Abuja bakinta har kunne. Ta ce da mota ka ɗauko ta a tashar jirgin Kubwa, mota kuma taka ta kanka. Ta ce ka tashi daga ɗakin nan na Mararaba. Ta ce ranar godiya a majami'arku an kira sunanka, ka yi baikon da ya sa jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Tana faɗi tana guɗa, ni kuwa ina zaune ina lissafi. Watanka goma sha ɗaya da kama aiki, kuma da bakinka ka gaya mini albashinka. Shekara 35 na yi riƙe da littafin sito, in akwai abin da na iya a duniya, to lissafi ne. Na buga ta nan, na buga ta can, bai fita ba. Aikinka ma na san shi kamar yunwar cikina: ɗan kwangila ya kawo kaya, ka duba, ka sa hannu cewa sun cika.

Duk wannan bai hana ni barci ba kamar amsar da ta ce ka ba ta. Wai da ta tambaye ka sirrin, sai ka yi dariya ka ce ai a rubuce yake, dukiyar mai zunubi an tanada ta domin adali.

Haba ɗana! Wa ya koya maka riƙe Maganar Allah ta wutsiya haka? Na san ayar, Karin Magana 13:22 ce. Ɗaga idonka sama kaɗan a wannan sura ɗin dai, ka karanta aya ta 11, inda aka ce dukiyar da aka samu a banza raguwa take yi, mai tarawa kaɗan-kaɗan kuwa tasa ƙaruwa take yi. Wanda ya nuna maka ta 22 me ya hana shi nuna maka ta 11? Kuma wane ne mai zunubin da aka tanada maka dukiyarsa? Mutanen da aka biya kuɗin kaya da sunansu ba su gani ba?

Ka tuna darasin da kuka yi wasansa a Makarantar Lahadi, kai ne ka fito a Yesu, aka ɗaura maka farin zanen mamanka. Matiyu sura 4. Kwana arba'in yana azumi a jeji, sai da yunwa ta kama shi sosai sannan mai jarabar ya zo. Haka yake yi, ba ya zuwa wa mutum yana ƙoshe. Na san shekara huɗun da ka yi kana yawo da takardu a ambulan, na san ka kwana da yunwa a Abuja ba ka gaya mana ba. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma dubi abin da Ubangiji ya yi. Sau uku aka gwada shi, sau uku ya ce "A rubuce yake", kuma dukan amsoshin nan daga littafi ɗaya ya ɗauko su, Maimaitawar Shari'a, wanda kakanka ke kira Kubawar Shari'a yadda yake a tsohuwar fassarar 1932: sura 8 aya 3, sura 6 aya 16, sura 6 aya 13. Ba naɗaɗɗen littafi ya buɗe a jejin ba. A cikinsa suke tun kafin ranar.

Wurin da nake so ka tsaya shi ne gwaji na biyu. Da Iblis ya ga Yesu da Nassi yake amsawa, shi ma sai ya jawo Nassi. Ya kai shi ƙololuwar Haikali, ya karanto masa Zabura 91, cewa Allah zai umarci mala'ikunsa su tallafe shi kada ya yi tuntuɓe da dutse. Ayar gaskiya ce, ba ƙirƙirar ta ya yi ba. Abin da ya nema da ita shi ne mugun. To ka ji yadda ni babanka nake gane ayar da Shaiɗan ya miƙo: ita ce wadda take zuwa daidai lokacin da zuciyata ta riga ta so abu, ta ce mini ba komai, ci gaba. Wadda Ruhu Mai Tsarki yake tunasar da ni, sau da yawa tsayar da ni take yi, hannuna na kan biro.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba. Mamanka kaɗai ta sani, sai Rabaran na lokacin, shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Daminar 1996, kana goye, ƙyanda ta kama ka, ta sauka maka a ƙirji. Albashi ya makara, ɗakinmu na yoyo, mamanka na tara kwanoni a ƙasa. Tirelar taki ta iso sito, kamfa, takarda ta ce buhu 600. Na tsaya a bakin ƙofa ina ba 'yan dako tsinke ɗaya-ɗaya, da aka gama na ƙirga tsinkayen, 450. Maigidana a wurin aiki ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya tambayi jikinka da suna. Ya tura mini takardar, ya ɗora ambulan a kanta. Ya ce, "Malam, kowa ya sa hannu, kai kaɗai ake jira. Yaro ba ya jiran albashi." Ka san me ya faɗo mini a rai? Ayar nan ta 1 Timoti 5:8, cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Da ita na ɗauki biro. Na sa hannu.

An saya maka magani, ka warke, aka sa kwano sabo a ɗaki. Bayan mako biyu manoma suka yi layi a ƙofar sito tun asuba, ruwa na dukansu. Taki ya ƙare saura mutum da yawa. A cikinsu akwai wani tsoho da muke zama benci ɗaya a majami'a, ya sayar da akuyarsa ya ƙulle kuɗin a bakin riga. Ya dube ni ya ce, "Ba komai ɗana, na san in da akwai da ka ba ni." Na shiga bayan buhunan wofi na tsuguna. Masararsa ta yi ja a shekarar, na gan ta da idona, don ta gefen gonarsa nake wucewa.

Wata bakwai ban ci Jibin Ubangiji ba. In an fara layi sai in fita kamar mai tari. A cikin watannin nan ne, wani dare, na buɗe Littafin kakanka na faɗa kan 2 Sarakuna sura 5. Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo kyauta, Elisha ya ƙi karɓa. Gehazi baransa ya bi shi a guje. Ka lura da ƙaryar da ya yi: bai ce don kansa ba, cewa ya yi wasu samari biyu daga cikin almajiran annabawa sun zo, ana bukatar azurfa da riguna dominsu. Da aikin Allah ya rufe kwaɗayinsa. Shi ya sa tafin da aka yi maka ranar godiya bai faranta mini rai ba. Ya ɓoye kayan a gida, ya dawo ya tsaya gaban maigidansa kamar ba abin da ya faru. Elisha ya ce, "Daga ina ka fito, Gehazi?" Ya ce bai je ko'ina ba. Sai Elisha ya ce kuturtar Na'aman za ta manne masa, shi da zuriyarsa.

Shi da zuriyarsa. Kana kwance a gefena a daren, kana numfashi da ƙirjin da kuɗin nan suka warkar. Tun daga ranar nake ɗauke da wannan tsoro, kusan shekara talatin ke nan. Da kuɗin haram na saya maka rai, kullum ina fargabar ranar da za a zo karɓar bashin a kanka. Lokacin da ka ɗauki canjin mamanka kana aji uku na yi maka dukan da har yau kake riƙe da ni a kansa, ba naira biyar ɗin nake duka ba. Na san na wuce gona da iri. Da ka ce mini a sashen karɓar kaya aka sa ka, kowa na murna, ni na shiga ɗaki na rufe. Mutane na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna nufin yabo, ni kuwa in na ji gabana faɗuwa yake yi. Gwaggonka na tsoron EFCC da gidan yarin Kuje in an yi irin wannan zance. Ni ba su ne a gabana ba. Mutum nawa suka ci suka mutu a gadonsu ba wanda ya taɓa su? Tsorona kada ka saba. Kada ranar ta zo da za ka sa hannu a kan ƙarya, ka wuce sujada, ka rera waƙa, ba abin da ya motsa a ƙirjinka. Ni aƙalla na kasa cin Jibi. Kai an ce dariya ka yi.

Da damina ta zagayo, tirela ta sake zuwa, aka sake rufe ƙofa. Luka ya faɗa a 4:13 cewa Iblis ya rabu da Yesu ne zuwa wani lokaci, ba sallama ya yi ba. Amma a karon nan na shirya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Watanni ina maimaita aya biyu kowace safiya a kan keke. Ɗaya Fitowa 20:16, kada ka yi shaidar zur a kan maƙwabcinka, gama na gane sa hannu shaida ce, manoman nan kuwa su ne maƙwabtana. Ɗayar kuma abin da Yahaya Mai Baftisma ya gaya wa sojoji a Luka 3:14, su dangana da albashinsu. Da ya turo takardar, cinyoyina na rawa a ƙarƙashin tebur, ba wata dabara da ta zo mini sai waɗannan kalmomi. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ƙirga shi zan rubuta." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ba zan ruɗe ka in ce sai albarka ta sauko ba. Kafin wata ya ƙare aka yi mini canjin wurin aiki. Shekara shidan nan da muka yi a ƙauyen da ba wuta, kuna tafiya makaranta a ƙasa, kuna tambaya me ya sa 'ya'yan abokan aikina ke da abin da ba ku da shi, to ga dalilin yau ka ji. Ka sha ce mini ni mutum ne marar dabara, ko ba da baki ba na gani a idonka. Yusufu ma da ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya gudu, kurkuku ya fara zuwa. Alkawarin 1 Korintiyawa 10:13 shi ne Allah ba zai bari a gwada ka fiye da ƙarfinka ba, kuma tare da gwajin zai buɗe mafita. Bai ce mafitar za ta yi faɗi ba. Tawa ƙunci gare ta, amma na bi ta, na koma teburin Ubangiji. Tsohon nan na sayar da tumakin mamanka biyu na kai masa taki har gida, na gaya masa gaskiya. Sauran mutanen layin ban san inda zan same su ba, wannan yana nan a wuyana.

Rabaran ne ya buɗe mini Ezekiyel 18:20, cewa ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Na gaskata, ina kuma riƙe da ita dominka kowane dare. Laifina ba gadonka ba ne, jinin Almasihu ya ishe shi. Amma ayar nan kaifi biyu gare ta, don ta ce uba ma ba zai ɗauki na ɗansa ba. Da ana ɗauka, da na ɗaukar maka tun jiya.

Na san Littafi Mai Tsarki na cikin wayarka. Wayar da saƙon ɗan kwangila ke shigowa ita ce dai. Ka samo takarda ka rubuta ayoyin nan biyu, Fitowa 20:16 da Luka 3:14, da hannunka, ka sa a aljihun teburin da kake ajiye biro, ka riƙa faɗarsu da baki kafin ka fita da safe har su zauna. In ka yi Addu'ar Ubangiji ka iso wurin "kada ka kai mu cikin jaraba", ka dakata, ka kira sunan mutumin da ofishin da kake nufi. In an ce ana nemanka a ɗakin da za a rufe ƙofa, ka shiga da wani. Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada Yesu ta kowace hanya kamar mu, saboda haka ba abin da za ka gaya masa da zai ba shi mamaki.

In kuwa na zalunce ka, akwai wata sana'a ta halal da ban sani ba, zo da takardunka ka nuna mini, zan nemi gafararka a gaban mamanka da gwaggonka, in shiga motar ka kai ni sujada. In kuma abin da nake tsoro ne, ka zo duk da haka. Ba zan ɗaga murya ba, ba wanda zai ji. Za mu zauna a ƙarƙashin mangwaro mu ƙirga nawa ne, mu ga yadda za a mayar, ko da gonar bakin rafi ce za ta tafi. Abu ɗaya na roƙe ka, in na tambaye ka daga ina ka fito, kada ka ce mini ba ka je ko'ina ba.

Ina sa ran ganinka Asabar ta ƙarshen wata. Ka taso da wuri, kada dare ya yi maka a hanyar Kaduna. Mamanka ta sa yaji da daddawa a baƙar leda, ƙuli-ƙulin kuma na Auta ne, ta ce ita ta soya da kanta.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Babanka