Kafin jirgin ƙasa ya iso Daura, mu dubi Pyeongchang

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida in yi magana kan wata ƙaramar hukuma a Koriya ta Kudu, Pyeongchang, saboda abin da nake hangowa garinmu Daura.

Yanki ne na tsaunuka a lardin Gangwon, mutanensa ba su kai dubu 50 ba, manoman kabeji da dankalin turawa, wasu na kiwon tumaki a tudun Daegwallyeong. Sanyinsu ya wuce hunturunmu nesa ba kusa ba, domin dusar ƙanƙara ke binne gonaki wata da watanni. To wannan ƙanƙarar da ke hana su noma ita suka mayar abin neman abinci. Tun 1975 aka buɗe filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara na Yongpyong. Suka nemi gasar Olamfik ta hunturu ta 2010, Vancouver ta ƙasar Kanada ta kayar da su. Suka sake nema ta 2014, Sochi ta ƙasar Rasha ta ɗauke. Ba su karaya ba, a karo na uku aka ba su, aka yi gasar a Fabrairun 2018. A can ne ma Najeriya ta fara shiga wannan gasa, da 'yan matanmu su Seun Adigun.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgin ƙasa mai sauri da ya fara aiki a ƙarshen 2017, ya mayar da tafiya daga Seoul, babban birnin ƙasar, ƙasa da awa biyu. Jirgin ya tarar da su a shirye: ga masaukai, ga masu koyar da baƙi zamiya, ga tsohon wurin ibada na Woljeongsa a dutsen Odaesan ga mai son tarihi.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, zai ratsa Daura da Katsina. Allah ya ba mu rijiyar Kusugu, da fadar Mai Martaba, da hawan Sallah da na Gani da babu irinsu. Amma baƙon da ya sauka, ina zai kwana? Wa zai tsaya ya ba shi labarin Daurama da Bayajidda yadda ya kamata?

Ba gine-ginen alfarma nake nema ba. Su kansu Koriyawan sun rushe filin buɗe gasar mai kujeru 35,000 bayan an watse. Ina roƙon gwamnatin jiha da masarauta su horar da samarinmu aikin rakiyar baƙi, su taimaki masu ƙananan masaukai, a kuma riƙa fitar da jadawalin hawa tun da sauran watanni.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Daura