Mun je inda shayi ke tsirowa

Maradi, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya uwargida da yara? Mutanen fadarmu ta shayi duk suna gaishe ka, kuma har yau ba wanda ya iya zuba shayi ya yi kumfa irin naka, ko da yake ba za su yarda ba in ka tambaye su.

Ka ce in ba ka labarin tafiyarmu tsaunin Mambila, can jihar Taraba a Najeriya. To, ga shi. Ƙanen maman yara da ke kasuwanci a Gembu aka yi wa haihuwa, sai ta kafe lallai da yaran za a je bayan ƙaramar Salla. Na lissafa kwana uku a hanya, muka yi huɗu: Dan Isa, Jibiya, Katsina, muka kwana Kano, muka kwana Gombe, muka kwana Jalingo. Mai tafiya da yara uku ba shi da lissafi, cikin auta da fitsarin na tsakiya su ke yanke inda za a tsaya. Wannan hanyar ba abin faɗa sai zafi da shingayen bincike.

Daga Jalingo aka bi Bali, aka bi Serti, gefen gandun dajin Gashaka Gumti, har Mayo Selbe. Nan gindin dutsen yake, nan kuma direba ya tsaya ya duba birki, ya ce kowa ya yi addu'a. Na ɗauka tsoratarwa ce. Aboki, hanya ce mai nannaɗewa kamar igiyar guga, dutse a dama, rami a hagu, mota na gurnani. Kuskurena da na sayo wa yara ƙosai a ƙasa. Ba mu yi rabin hawa ba na tsakiya ya mayar da shi duka a kan babbar rigata ta suna. Auta kuma ta dinga tsala ihu tana jan kunne, sai wata dattijuwa da ke bayanmu ta ce a ba ta nono, kunnuwanta ne suka toshe saboda hawa, haɗiya ke buɗe su. Nan take ta yi shiru. In za ka zo da naka, ka riƙe wannan, ka riƙe leda da ruwa kusa da hannu, kada kuma a ci mai kafin hawa.

Da muka ƙare hawa sai duniya ta canza. Tudun Maradi bai kai mita 400 sama da teku ba, can sama kuwa wajen mita 1,600 ne, kuma a wannan yankin ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Tuddai ne kore shar, ba ƙaya, ba yashi, shanun Fulani jajaye sun yi ɓul-ɓul, wai ƙudan tsando ba ya zama can. Mu da muka baro zafin da ya haura digiri 40 ga mu muna karkarwa a Nguroje, har sai da na shiga gwanjo na sayo rigunan sanyi biyar. Ƴar fari ta ga hazo na bin hanya ta ce gobara ake yi. Da aka ce mata gajimare ne, sai ta fitar da hannu wai za ta ɗebo wa kakarta.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta maka, Kakara ce, inda gonar shayin take da masana'antar Highland Tea. Ni da kai shekara nawa muka yi muna hura gawayi, na farko, na biyu, na uku, ban taɓa tambayar kaina kamannin itacen ba. Ashe itace ne sosai, aske shi ake yi daidai ƙugu don hannu ya kai, shi ya sa gonar ke shimfiɗe kamar darduma. Mata da kwando a baya suna tsinka, ganye biyu da tohon tsakiya kawai, hannu biyu na aiki, baki na hira da Fulatanci. Na gwada, wata ta duba abin da na tsinko ta watsar tana dariya. Sai an tara kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye kafin a samu kilo guda na busasshe. Kuma baƙin shayinsu da koren da muke sha daga Sin itace ɗaya ne. Nasu ana barin shi ya yi yaushi, a yayyanka, a bar iska ta rina shi, sannan a busar, namu kuwa tun da wuri ake ba shi wuta don ya tsaya kore. Na tsakiya ya tauna ganye ɗaya, ya tofar, ya leƙa ƙarƙashin itacen yana tambaya ina sukarin yake fitowa.

Na kawo wa fada fakiti uku. Suka dafa shi irin namu, a ƴar buta, har sau uku, suka ce ba ya kumfa, an cuce ni. Na ce su kai wa mai shayin bakin tasha ya sa madara su ji. Naka fakitin yana nan, zan ba duk wanda na samu mai zuwa wajenku.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. Babbar rigar dai an wanke sau biyu, maman yara ta ce in haƙura da ita.

Naka har kullum,
abokin zamanka na fada